Maigidana ya ƙi zuwa asibiti, ya rungumi kwalbar wankin hanta

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana uku, ga kuma cikin wata shida. Maigidana direban tirela ne, yana lodin hatsi zuwa Legas da Fatakwal. Ya daɗe yana fama da ƙwannafi da kumburin ciki da yawan gyatsa, musamman in ya dawo daga tafiya. Bayan ƙaramar Sallah aka nemi jinin da za a ƙara wa matar ƙanensa, ya je bayarwa, aka gwada aka ce ba za a ɗiba ba, wai yana da ciwon hanta nau'in B, ya je ya ga likita. Har yau bai je ba. Wani abokinsa a tasha ya haɗa shi da wani mai magani, ya sayar masa da kwalbar wani ruwa mai ɗaci, wai yana wanke hanta, yana kashe olsa da basir da taifot da sanyi. Kwalba ɗaya naira dubu goma sha biyu, yanzu yana kan ta biyar. In ya sha sai cikinsa ya murɗa ya yi ta zagayawa, shi kuma ya ce dattin hantar ne ke fita. Gaskiya kumburin yakan lafa kwana biyu, sai ya dawo. Hajiya mahaifiyarsa ta ƙara masa da jiƙon rawaya da kanwa, ta ce da shi aka warkar da marigayi mahaifinsa daga shawara, asibiti cin kuɗi ne kawai. Ya hana ni gaya wa amaryarsa, wadda ba ta kai shekara a gidan ba. Ni kuma tsoro ya sa na fara ware masa kofi da cokali a ɓoye, ya lura, ya yi fushi, ya ce na mai da shi kuturu a gidansa. Anti, maganin nan zai iya warkar da shi? Yaya zan yi da shi da Hajiya, kuma me zai sami abin da ke cikina?

Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya ba maigida sauƙi.

Yau ɗin nan ki mayar da kofinsa da cokalinsa cikin na kowa. Ciwon hanta nau'in B ba ya bin kwano, ba ya bin gumi, ba ya bin musabaha ko tari. Jini yake bi, da saduwar aure, da haihuwa daga uwa zuwa jariri. Abin warewa shi ne reza da askar aski da abin yanke farce da buroshin goge baki. Ki ba shi haƙuri a kan cokalin, domin namijin da aka ware wa cokali a gidansa ba zai saurari wadda ta ware masa ba, ke kuwa kunnensa kike nema.

Mu ajiye maganarsa tukuna mu fara da ke, don ke lokaci ya fi ƙure wa. Kada ki jira ranar awo ta zagayo. Ki je ki ce a yi miki gwajin da ake rubutawa HBsAg, ɗigon jini ne, sakamakonsa ba ya daɗewa. In ba ki da cutar, a fara miki allurar rigakafi, guda uku ce cikin wata shida, kuma ba ta taɓa ciki. In kina da ita, akwai gwajin da ke nuna yawan ƙwayar cutar a jini, in ta yi yawa likita zai ɗora ki kan ƙwayar tenofovir a watannin nan da suka rage don kada jaririn ya ɗauka. Ko me aka gani a jininki, dole a yi wa jaririn allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwarsa. Babba in ya kamu, fiye da 90 cikin 100 jikinsu kan kori cutar da kansa cikin wata shida. Jariri kuwa akasin haka ne, kusan 9 cikin 10 da suka ɗauka wajen haihuwa da ita za su rayu. Tun 2004 allurar take cikin rigakafin yara a Najeriya, kyauta a asibitin gwamnati, amma ta ranar haihuwar ita ce ake yawan rasawa: an haihu a gida, ko naƙuda ta zo daren Asabar, ko an ce a bari sai bayan suna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ki tambayi ma'aikaciyar awo inda za a samu allurar in haihuwa ta faɗo ƙarshen mako, ki kuma sanar da wadda za ta raka ki. Nono ki ba shi abinsa, babu laifi. Yaran uku a duba katin rigakafinsu, a gwada su su ma.

To, kwalbar. Bayaninki ya isa a gane irinta. Ɗaci, murɗawar ciki, zagayawa, sauƙin kwana biyu, wannan aikin maganin wankin ciki ne, irin su filasko da dangin alobera da wani gishiri mai jawo ruwa cikin hanji. Abin da yake gani yana fita abincin jiya ne da ruwan jikinsa. Hanta tana can sama ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ƙwayar cutar kuma cikin naman hantar take zaune, babu gudawar da za ta isa wurin. Hanji in ya zazzage dole ciki ya saki, mutum ya ji wasai. Saboda haka maigidanki ba ƙarya yake yi ba da ya ce yana jin sauƙi. Fassarar da aka yi masa ce ƙarya. In za ki faɗa masa da yarensa, ki ce wanke bodin mota ba ya gyara inji.

Kada ki ɗauka a tashar mota aka haifi wannan dabara. Turawa sun sha ta sun ƙoshi kafin ta iso mu. A ƙarni na 19 da farkon na 20 jaridun Ingila da Amurka cike suke da tallan ƙwayoyi da ruwan ɗaci masu tayar da hanta, don a lokacin duk wanda ya tashi da kasala ko ciwon kai ko ɗacin baki ko ɓacin rai, sai a ce hantarsa ce ta yi nauyi. Akwai Beecham's Pills da aka fara sayarwa wajen 1842, ana jero mata cututtuka barkatai. Da ƙungiyar likitocin Birtaniya ta sa aka bincika ta, dangin alobera da citta da sabulu aka tarar. Akwai Bile Beans, wadda masu ita suka ce wani masani ne ya samo sirrinta daga wani tsiro da 'yan asalin Ostireliya suka sani. A 1905 magana ta kai kotu a Edinbara, ta bayyana babu masanin, babu tsiron, kayan wankin ciki ne da kowane mai kemis ke da su, alƙali ya ce yaudarar jama'a ce. Wannan bai hana a ci gaba da sayenta har shekarun 1980 ba. A Amurka hukumar kula da ciniki ta yi shekara 16 tana shari'a da masu Carter's Little Liver Pills, daga 1943 zuwa 1959, kafin a tilasta musu cire kalmar “Liver”, wato hanta, daga sunan, tunda an kasa nuna abin da ƙwayar ke yi mata. Ko Andrews Liver Salt ɗin nan da muka tashi muka gani a kowane kanti, wanda aka fara yi a Niyukasul a 1894, ki karanta jikinsa: sukari ne da soda da ɗan tsami da gishirin da ke sakin ciki. Yana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, yana sa bayan gida, iyakarsa ke nan. Labarin ne kawai ke sauyawa. Da can sirrin mutanen Ostireliya ne, yanzu sirrin kakanni, ko na Indiya, ko na wani Shehi da ba a taɓa faɗin garinsu.

Ki ɗauki kwalbar ki juya ta. In babu lambar NAFDAC, babu adireshin inda aka yi ta, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa, magana ta ƙare. In akwai lamba, ki duba ko ta ƙare da harafin L. Yawancin magungunan gargajiya irin wannan lambar ake ba su, kuma abin da take nufi an duba samfurin da aka kai ba a ga guba a ciki ba, an ba shi izini na wani lokaci. Ba ta nufin an gwada shi a kan marasa lafiya an ga yana warkarwa. Shi ya sa hukumar ke sa su rubuta cewa ba ta tantance iƙirarin da suke yi ba, za ki ga jimlar da Turanci, da ƙananan haruffa, a inda ido ba ya saurin kaiwa. Ki kuma nemi kalmar alkohol da lambar da ke kusa da ita. Da yawa daga ruwan ɗacin kwalba da barasa ake jiƙa su, wasu ƙarfinsu ya kai na giya mai zafi. Ga mai sallah wannan kaɗai ya isa dalili, ga mai ciwon hanta kuwa babu abin da ya kai barasa saurin ƙarasa ta.

Duk abin da aka haɗiye ta hanta yake bi, ita ke sarrafa shi. Hantar da ke fama da cuta an ƙara mata ɗawainiyar haɗin da ba a san awonsa ba. Gudawar yau da gobe kuma tana zuƙe ruwa da gishirin jiki, ta wahalar da ƙoda, ta kawo kasala da jiri, ga mutumin da ke riƙe da sitiyarin tirela a hanyar Lokoja. Amma ɓarnar da ta fi damuna ita ce watannin da ke wucewa yana ganin ai yana kan magani.

Mai kwalbar ya haɗe masa cuta biyu ya mai da su ɗaya, kuma nan ne ya cuce shi. Ƙwannafi da gyatsa da kumburi bayan cin abinci galibi na tumbi ne. Ciwon hanta nau'in B yakan yi shekara 20 ko 30 a jiki bai ce uffan ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai abin da ke hana shi barci ba shi da wata alaƙa da abin da aka gani a jininsa.

Na tumbin ya fi sauƙi. Akwai wata ƙwayar cuta, H. pylori, da ke zama a bangon tumbi, mafi yawan manya a ƙasar nan suna ɗauke da ita tun yarinta, kuma ita ce kan gaba wajen kawo gyambon ciki. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984, ya kwanta, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kafin nan mutum sai ya shekara goma yana shan madara da ruwan farin magani, yau kuwa gwajin bayan gida ko na numfashi ake yi, in an gan ta a ba da haɗin magani na kwana 14, galibi masu kashe ƙwayar cuta iri biyu da mai rage tsamin ciki irin omeprazole. Sai dai a shanye duka, kada a tsaya don an ji sauƙi. In yana shan omeprazole da kansa, ya faɗa wa likita, don sai an dakatar da shi kamar mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba ƙwayar takan ɓuya.

Ki kuma leƙa aljihun motarsa. Na san direbobi da haɗin kemis, a tsaya a ce a haɗa min na ciwon jiki, a ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda babu suna. A ciki ba a rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, su ne kuma ke cinye bangon tumbi har ya yi jini. Hodar Alabukun da wasu ke kaɗawa a ruwa asfirin ce da kafeyin, sinadarin nan na goro da shayi, ba ta dace da mai ƙwannafi ba. Farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, amma shi kuma hanta ke ɗaukar nauyinsa, babba mai lafiya ba ya wuce ƙwaya 8 masu 500 a yini, mai ciwon hanta kuwa likita ne zai yanke masa. Sai yanayin aikin: yini babu abinci sai goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari, da dare a narki tuwo da mai da yaji a miƙe a ƙarƙashin mota. Ko lafiyayyen ciki sai ya yi ƙara. Ya riƙa cin kaɗan-kaɗan, ya bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin dare da kwanciya, in yana shan sigari ya san tana cikin masu hura wutar.

Kanwar Hajiya tana aiki, shi ya sa aka yarda da ita. Tana kashe tsamin ciki nan take, kamar yadda soda ke yi. Amma gishiri ce mai nauyi, tana tayar da hawan jini, tana tara ruwa a jiki, ga wanda hantarsa ta fara rauni kuwa tana ƙara kumburin ciki da ƙafa. Ke ma ki kiyaye ta a jegon da ke tafe. A asibitin koyarwa na garinku aka yi binciken shekarun 1970 da ya danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Yanzu hantar. Sakamakon da aka ba shi wajen ba da jini ba hukuncin kisa ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan cuta, yawancinsu ba su sani ba. Kuma ki riƙe wannan da kyau, don zaman lafiyar gidanku: mafi yawan masu ita a nan tun suna jarirai ko yara suka ɗauka, wajen haihuwa, ko askar wanzami, ko cire beli, ko kaciya, ko tsaga, ko allurar da aka maimaita. Ba shaidar neman mata ba ce, kada ki bari zuciya ta raya miki haka don yana kwana a hanya. 'Yan'uwansa da suke ciki ɗaya ma ya kamata su gwada.

Abin da ake bukata a sani shi ne halin da hantar ke ciki yanzu. Za a maimaita HBsAg, in ya wuce wata shida yana nan, cutar ta zauna ke nan. Za a yi gwajin ALT da AST da ke nuna ko hantar na ƙonewa, da ƙidayar jini, da hoton ciki, da gwajin yawan ƙwayar cutar. Wannan na ƙarshen yana da tsada, amma kada tsadarsa ta hana zuwa, tun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar fara magani, likita na iya yanke shawara da gwaje-gwaje masu sauƙin kuɗi in babu halin wancan. Za a duba ciwon hanta nau'in C, wanda shi ana warkewa sarai da magani na mako 12. Za a duba ƙoda. Za a kuma yi gwajin HIV, ki gaya masa tun a gida don kada ya ji an zarge shi ya tashi ya fita. Kowa ake yi wa, saboda tenofovir tana aiki a kan cututtukan biyu, kuma ba a ba mai HIV ita kaɗai.

Daga nan ɗayan biyu ne. Wasu ba sa bukatar magani tukuna, sa ido kawai ake yi, a riƙa gwaji da hoto, galibi duk wata shida. Wasu a ɗora su kan tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a yini. Ba zan ɓoye miki ba, ba kasafai take kawar da cutar kwata-kwata ba, danne ta take yi, kuma yawanci shan na shekaru ne, wani har ƙarshen rayuwa. Amma tana hana hanta ƙanƙancewa, tana rage haɗarin sankarar hanta sosai. A nan ne mai kwalba ke cin kasuwarsa, shi yana alƙawarin warkewa cikin wata uku, likita kuwa gaskiya ta hana shi yin wannan alƙawari. In aka fara ƙwayar, ba a yanke ta kai tsaye, don cutar kan taso da ƙarfi har ta kayar da hanta. Direba sai ya riƙa tafiya da guzurinta fiye da kwanakin tafiyar. Ga asibitin koyarwa na ABU a Shika kusa da ku, akwai likitocin ciki da hanta, ga na Malam Aminu Kano in Kano ta fi masa sauƙi. Ki lissafa masa dubu sittin ɗin da ta tafi a kwalba, ki ajiye kusa da kuɗin gwajin farko.

Tunda hatsi yake ɗauka, zai gane wannan da wuri. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba da ake kira aflatoksin, dafuwa ba ta kashe ta, kuma in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin sankara ninkuwa yake yi. Ragowar buhun da ruwa ya taɓa, wadda ake kawowa gida don araha, a daina. Ki tsince gyaɗar miya da kyau, ki san inda kike sayen ƙuli-ƙuli da tunkuza.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba, kada ki yi mata kallon haka. Idon marigayi ya yi rawaya, ya sha jiƙo, ya warke, ta gani da idonta. Sai dai shawara alama ce, abubuwa da yawa ke kawo ta: ciwon hanta nau'in A ko E da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, har nau'in B ɗin in babba ne ya kamu sabo. Ban da zazzaɓin, yawancin waɗannan da jiƙo da babu jiƙo jiki na warkewa cikin makonni, sai yabo ya tafi ga abin da aka sha ƙarshe. Haka shaidun da mai kwalba ke sakawa a lasifika suke samuwa, waɗanda ba su tashi ba kuwa ba a ba su makirufo. Ni ba na raina itatuwanmu. Maganin zazzaɓin da muke sha yau daga ɗan'uwan tazargade aka ciro shi a Sin, har matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu Nobel a 2015. Amma sai da aka ware sinadarin, aka auna, aka gwada a kan marasa lafiya. Babu wani jiƙo da aka bi da shi ta wannan hanya aka ga yana kawar da nau'in B da ya zauna.

Ke suruka ce, ba bakinki ne zai faɗa mata wannan ba. In an je asibiti ki roƙi likita ya faɗa wa maigidan da bakinsa cewa a dakatar da duk wani jiƙo da kanwa, shi ya kai wa mahaifiyarsa, ko wata 'yarta da take ji da ita. Naki shi ne ki durƙusa ki ce, “Hajiya, ku sa mu a addu'a, an ce jikanku ma sai an yi masa allura ranar da ya faɗo.” Kaka ba ta wasa da jika. In ta ce Allah ke warkarwa, ki ce haka ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, nemansa ake yi. Ki bar mata wani abu a hannu, ko tsintar gyaɗar ce, ko kunun safe, don kada ta ji an ture ta daga jinyar ɗanta.

Shi kuwa maigidan, ina zaton tsoro ne ya sa masa rigar taurin kai. Duk direba ya san wani da cikinsa ya kumbura aka kai shi gida. Kwalba ba ta tambayarsa komai, ba ta hana shi lodi, asibiti kuwa yana iya faɗa masa abin da ba ya son ji. Saboda haka kada ki zagi maganin, kada ki ce an damfare shi, namiji ya gwammace ya sayi ta shida da ya amsa wannan. Ki bari ranar girkinki, ya ci ya huta, ki ce, “Abban yara, tunda an sha kwalba biyar, mu je a gwada mu ga inda aka kwana, ni ma an ce in kawo ka wajen awo.” Gani ya kori ji. Amma ku yi yarjejeniya tun a gida cewa a asibiti za a yi gwajin, ba ɗakin gwajin da mai maganin zai nuna ba, kuma ba na'urar nan da ake riƙe ƙarfe a hannu kwamfuta ta jero cututtuka ba, wannan ba ta auna komai. Ku kuma san cewa ALT na hawa yana sauka da kansa, in ya fito daidai ba warkewa ba ce, HBsAg ne zai nuna ko cutar na nan. Ku tafi da kwalbar da takardar da aka ba shi ranar ba da jini. In ya ƙi, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, wansa ko limaminku, ɗaya tak, mai riƙe sirri.

Maganar amarya ba ta cikin abin da miji ke da ikon hanawa. Haƙƙinta ne, lafiyarta ce da ta 'ya'yan da za ta haifa, kuma in har yanzu ba ta ɗauka ba, allura uku za su tsare ta. Ki ba shi dama ya faɗa da kansa, ki sauƙaƙa masa hanya: a ce duk gidan za a je gwaji da rigakafi, babba da yaro, babu wanda aka nuna da yatsa. Duk wadda aka ga ba ta da cutar a cikinku, ya yi amfani da kwaroron roba da ita har allurarta ta cika. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ta ji daga bakin ma'aikaciyar awo wata rana, ta kuma gane kin sani kin yi shiru, wannan gaba ba za ta mutu ba. In mako biyu ya wuce bai motsa ba, ki sanar da shi cewa za ki tafi da ita a gwada ta a yi mata rigakafi, sannan ki tafi da ita ɗin.

Akwai alamun da ba sa jiran lallashi ko izinin kowa: aman jini, bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ciki ko ƙafa su kumbura su ƙi saɓewa, rama babu dalili, abinci ya riƙa tsaya masa a ƙirji, ko ya fara ruɗewa, yana barcin rana yana surutai da dare. Ko ɗaya aka gani, asibiti ne a ranar. Tunda rabin rayuwarsa a hanya take, ki karɓi lambar yaron motarsa, ki gaya masa in ya ga ubangidansa ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, kada ya bar shi ya koma sitiyari, kada kuma ya tsaya kemis, ya nemi babban asibitin garin da suka fi kusa da shi ya kira ki daga can.